Hoton faɗin gari daga kan Dala yana fita da layi-layi, ina gyaran yake?

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum malamai da yayye. Ina neman shawara a kan fanorama, wato a ɗauki hotuna da yawa a jere, a haɗe su su zama guda ɗaya mai faɗi. Kyamarar ƙaramar Nikon ce mai gilashin 18-55, da hannu ake ɗauka, babu ƙafa uku. Wurin kuma kan Dutsen Dala ne, so ake a kamo gari tun daga wajen Gidan Sarki har Goron Dutse. Abu uku ne ke ɓata aikin. Sama tana fita da layi-layi, nan haske can duhu. Katangu da wayoyin wuta na kusa suna karyewa daidai mahaɗa. Nesa kuma fari fat, kamar an watsa toka. Sannan in da hali a taimaka da saitin ɗaukar dawakai ranar Hawan Daushe, don mafi yawansu a dushe suke fita. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Layin da kake gani a sama ba laifin manhajar haɗawa ba ne, kyamarar ce ka bari tana yanke wa kanta hukunci. Muddin tana kan Auto, duk sanda ka juya sai ta sake auna haske da launi. Hoto na farko ta ga rufin kwano yana ƙyalli ta rage haske, na uku ta ga inuwar bishiyoyi ta ƙara. In aka jera su dole sama ta bambanta. Maganin shi ne ka ɗaure komai kafin ka danna na farko.

Mayar da ita kan M, wato saitin hannu. Sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a kan 100, ƙofar haske kuma f/8. Daga nan ka juya a hankali daga farkon abin da kake so zuwa ƙarshensa kana duban ma'aunin haske, ka gano ɓangaren da ya fi haske, ka saita saurin ƙiftawa a kansa. A rana tsantsa zai kama wajen 1/400 na daƙiƙa, in akwai hazo ya sauko 1/200 ko 1/250. Dalilin aunawa a ɓangare mai haske shi ne, wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi a kwamfuta, amma wurin da ya ƙone ya zama fari ya tafi ke nan. Ka tabbata ka kashe ISO mai sarrafa kansa, domin mutane da yawa suna komawa M su manta da shi, ya ci gaba da sauya haske a ɓoye.

Daidaiton launi ma ka cire shi daga Auto, ka sa shi kan alamar rana. Fokas kuma ka kama wani gini mai nisa, misali hasumiyar Babban Masallaci, da zarar ya zauna ka mayar da shi na hannu, kada ka sake taɓa zoben. Zoben zum ma haka, ko ɗan motsi ya yi girman hotunan ya bambanta. In kana da gilashin nan mai rage ƙyalli da ake ɗaurawa a gaba, wanda ke sa sama ta yi shuɗi sosai, cire shi. Ƙarfinsa ya dogara da inda rana take, ya fi aiki in ka ba rana kafaɗa, don haka a hoto mai faɗi zai bar maka baƙin tabo a tsakiyar sama wanda ba ya gyaruwa.

Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, in memori zai ɗauka. Kuma kafin jeri da bayansa ka ɗauki hoton tafin hannunka, don in ka zo zaɓe cikin ɗaruruwan hotuna ka san inda kowane jeri ya fara da inda ya ƙare.

Mai Ƙafa Uku:

Malam ya gama da maganar haske, bari in ɗora da karyewar katanga. Miƙa ɗan yatsa gabanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya ka rufe ɗayan. Za ka ga yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa. Abin da ke faruwa da kyamara ke nan in ka tsaya cak kana juya ƙugu da ita a miƙe a hannu: gilashin yana tafiya a kan baka mai faɗi, abin kusa yana sauya wuri a kan abin nesa, manhaja ta rasa wanda za ta daidaita, sai ta karya ɗaya. Gilashin ne ya kamata ya tsaya wuri guda, kai ka zagaya shi.

Ba sai da ƙafa uku ba. Ɗaura zare mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi a jikin gilashin wajen gabansa, ka ɗaura ɗan dutse ko makulli a ƙasan zaren, ka ajiye kwabo ko murfin kwalba a ƙasa. Duk hoton da za ka ɗauka, ka tabbata dutsen yana saitin murfin. Sanda ma tana yi, a ɗora gilashin a kanta a riƙa juyawa. Mafi sauƙi kuma shi ne ka matsa inda babu komai kusa da kai. Abin da ya wuce mita 30 da wuya ya ba da matsala, na mita 2 ko 3 ne ke karyewa.

Riƙe kyamarar a tsaye, ba a kwance ba. Hotunan za su ƙaru, amma za ka sami sama da ƙasa isassu, domin bayan haɗawa gefuna suna fitowa a karkace, dole a yanke. Kowane hoto ya hau kan na baya da kashi ɗaya bisa uku. Ga lissafin irin kyamararka: in zoben zum yana kan 24, tana tsaye, hoto ɗaya yana kama digiri 36, ka riƙa juyawa digiri 24, hotuna 7 sun ishe ka rabin da'ira, 15 kuma da'ira cikakkiya. A kan 35 hoto ɗaya digiri 25 ne, rabin da'ira zai ci kamar 10 ko 11. Ni 35 na fi ba da shawara ga gari irin Kano, don gine-gine sun fi fitowa. Kada ka sauka 18, gefuna suna lanƙwashewa kuma kusurwoyi suna yin duhu, wannan ma yana jawo layi a sama.

Ka lura da layin da sama ta haɗu da ƙasa, ya zauna a tsayi ɗaya a duk hotunan. Hannu yana saukowa a hankali ba tare da mutum ya sani ba, sai a ƙarshe a ga hoton ya zama matakala. Ka gama jerin cikin minti ɗaya, kafin gajimare ko hayaƙi su matsa. In akwai abokai da ke son shiga, su tsaya tsakiyar hoto guda, nesa da mahaɗa, in ba haka ba wani zai fito da rabin kai. Wajen haɗawa manhajar Hugin kyauta ce kuma tana aiki sosai, Lightroom ma tana yi. Zaɓi shimfiɗa irin ta silinda, ita ce ke barin gine-gine a miƙe.

'Yar Cikin Gari:

Sannunku da ƙoƙari yayyena. Farin nan na nesa dai babu saitin da zai kawar da shi, ƙurar hunturu ce ke tsakaninka da gari. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas tana ɗauko ƙura daga Sahara, hasken rana ya watsu a cikinta. A Lightroom akwai ma'aunin rage hazo, 15 zuwa 25 yana taimakawa, in aka zarce sai sama ta yi datti, inuwa ta koma shuɗi. Kuma bayan haɗawa ake sa shi, ba a kan hotuna ɗai-ɗai ba.

Akwai kuma abin da ya shafi wurin kansa. Daga kan Dala, Kurmi da Gidan Sarki suna kudu maso gabas, Goron Dutse yana ta yamma, wato kudu kake fuskanta. A Disamba da Janairu rana ta kudu take bi: da safe tana wajen Gidan Sarki, da yamma tana wajen Goron Dutse, ko yaushe ka hau gefe ɗaya na hotonka yana kallon rana. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa ta arewa take bi, tana bayanka. Saboda haka lokacin wannan hoto shi ne damina, washegarin ruwan sama, tsakanin ƙarfe 7 da 8 na safe. Iska ta wanku, bishiyoyi sun yi kore, jar ƙasar tsofaffin gidaje ta fito. In kuwa dole sai a hunturu, a jira rana ta faɗi, a yi amfani da mintuna 10 zuwa 15 na bayan faɗuwarta, a ɗaga ISO zuwa 400 ko 800. Hazon ma a lokacin kyau yake ƙarawa, gari ya fito hawa-hawa.

Ina roƙo a kula da abu ɗaya. Gidajen da ke gindin dutsen, daga sama ana hango tsakar gidansu, mata suna aikinsu ba su san ana kallo ba. A ɗaga kyamara ta wuce su, in sun shigo a yanke kafin a watsa.

Ɗan Koyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Wanda waya kawai gare shi fa? Kuma maganar dawakai tana nan.

Tsohon Hannu:

Waya ma ƙa'idar ɗaya ce. A goge gilashin tukuna, maiƙon yatsa yana sa hoto ya yi hazo ko da iska garau take. A yi amfani da 1x, ba 0.5x ba. A yawancin wayoyi in ka danna allo ka riƙe, haske da fokas suna kullewa, sai ka ɗauki hotuna ɗai-ɗai ka haɗa daga baya. In fanoramar cikin wayar za a yi, a fara daga gefe mai haske, a juya wayar a inda take, kada a zagaya da hannu a miƙe. Ba ta dace da taron jama'a ba, duk abin da ke motsi yankawa take yi.

Dawakai kuma saurin ƙiftawa ne. Doki mai tafiya 1/500 ya isa, amma lokacin jahi a Ƙofar Kudu, da ake sakin linzami a guje, kada ka sauka ƙasa da 1/1000. Sa kyamara kan S, ka zaɓi saurin, a nan ka kunna ISO mai sarrafa kansa ka iyakance shi a 3200. Hawan Daushe da la'asar ake yi, kafin Sarki ya iso haske ya fara ja baya, gilashinka kuma a kan 55 bai buɗewa fiye da f/5.6. Hoto mai ɗan tsakuwa ya fi wanda ya dushe, kada ka ji tsoron ISO. Fokas ka sa AF-C, wato mai bin abin da ke motsi, wanda a Canon ake kira AI Servo, ka ɗora ɗigon a ƙirjin mahayi, ka fara binsa tun yana nesa, ka ɗauki uku ko huɗu a jere. In ka ɗora a kan doki, kan yana sama da ƙasa, fokas zai tsere zuwa jama'ar baya.

Farin rawani da babbar riga a rana su ne ke ƙonewa, aikin zare ya ɓace. Rage haske da -0.3 ko -0.7, ka kunna alamar da ke ƙyafta wurin da ya ƙone, fuska kuma ka ɗago ta daga baya. Jan kayan dogarai ma yana saurin cikewa, wannan ragin yana taimakonsa. Da gilashin 55 ba za ka jawo na nesa ba, don haka nemi kwana inda ayari ke rage gudu, rana tana bayanka ko gefenka, ka jira su zo maka. Kada ka shiga hanya don neman kusanci, musamman in 'yan bindiga sun fara harbi, doki yana iya zabura ta ko'ina.

Mai Ƙafa Uku:

Ƙarin bayani kan ƙura, don ranar hawa ta fi ta kan Dala yawa. Kada a cire gilashi a filin ko sau ɗaya. In an dawo gida a fara hure shi da 'yar robar busa iska kafin a sa ƙyalle, domin ƙurar yashi ce, goge ta a bushe yana karce gilashi. Don gane ko ta shiga ciki, a sa f/16 a ɗauki farin bango ko sama: in baƙaƙen ɗigo sun fito a wuri ɗaya a kowane hoto, tana kan sansa, wato farantin cikin kyamara da hoto ke sauka a kai. A fanorama ɗigo ɗaya zai maimaitu sau goma a jere, gara a duba tun kafin a hau dutsen.

RAW na kyamara mai megafiksel 24 yana cin kamar MB 25 zuwa 30, memori mai GB 32 zai ɗauki wajen hoto dubu. A tafi da batir na biyu, ɗauka a jere da yawan duba allo suna shanye shi. In za a tura wa abokai fanoramar ta WhatsApp, a tura ta a matsayin fayil, in aka tura a matsayin hoto zai matse ta har rubutun allunan shaguna ya daina karantuwa.