Musayar waƙa: me za mu kafa don tunawa da Audu Bako?

Bakanon Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa, ga maudu'in wannan makon. Marigayi Audu Bako, kwamishinan 'yan sandan nan da Gowon ya ba riƙon jihar Kano a 1967 sanda aka yanka jihohi 12, ya riƙe ta har Yulin 1975, Allah ya karɓi abinsa a 1980. Ni abin da ke ci min rai shi ne sunansa na nan ko'ina, ga sakatariya ga titi ga gidan zu ga kwalejin aikin gona ta Dambatta, amma wlh ka tare yaro ɗan shekara 20 ka ce waye Audu Bako sai ya nuna maka hanyar gidan zu, bai ma san ɗan sanda ba ne balle ya san me ya yi. To ina ganin ya kamata a kafa masa wani abin tunawa a bainar jama'a, kowa ya kawo tasa shawarar a waƙe. Doka kamar kullum, ba zagi ba siyasar jam'iyya, wanda zai amsa ya ɗora kan na gabansa. Bismillah.

Da sunan Rabbu na buɗe baki,
In yabi mai ɗamara da kaki,
Wanda ya zo ya zuba aiki,
Ya bar alheri cikin Kano.

A barikin Kaduna aka haife shi,
Ɗan sanda ne uban da ya raine shi,
Kakin uba shi ma ya gaje shi,
Kafin rabo ya kawo shi Kano.

Shekara takwas yana kan kujera,
Ya datse ruwa ya bai wa karkara,
Ya shimfiɗa titi ya yi gyara,
Dattawa ku ne shaida a Kano.

To yau ina so mu haɗa kai,
Mu sami shataletale a Bompai,
Mu kafa siffarsa da hula a kai,
Kowa ya wuce ya gan shi a Kano.

Malam na Soron Ɗinki:
Wa alaikumus salam. Ɗana na biyo ka tiryan-tiryan har baiti na uku, a na huɗun ne na ja birki. Niyyarka mai kyau ce, Allah ya ba da lada, amma saurara.

Bakano yabonka ya yi kyau,
Ban ƙi ko kalma guda ciki ba.
Sai dai batun sassaƙa siffa,
Wannan ba tarbiyyar Kano ce ba.
Mamaci in ya kwanta a makwanci,
Bai san tagulla da siminti ba.
Abu uku ne ke bin sa can,
Hadisi bai ɓoye mana su ba.
Sadaka mai gudana da ilimi,
Da ɗa na gari da bai bar addu'a ba.
Kuɗin da za a narka a mutum-mutumi,
Don me ba za a haƙa rijiya ba?

Bakanon Fagge:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, na ji kuma na karɓa, a cire siffa. Amma damuwata tana nan inda take.

Malam na ji a bar batun siffa,
Amma ga inda gizo ke saƙa fa,
Rijiya ba ta ba da labari fa,
Wa zai sanar da yaran Kano?

Manomin Kadawa:
Kai jama'a ku 'yan birni kuna ta neman inda za ku kafa abu, mu nan a cikin abin tunawarsa muke kwana muke tashi. Farin 1973 babanmu har ya rasu in ya tuna shi sai ya girgiza kai, gero ya ƙone a tsaye shanu suna faɗuwa, to a daidai lokacin ana can ana aikin dam ɗin Tiga aka gama shi a 1974, daga nan aka jawo kanal ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam. Ka zo nan watan Janairu da sassafe hazo ya rufe ko'ina sanyi na shiga ƙashi, ka ga mutum ya naɗe wando ya ɗauki fartanya ya fasa bakin ruwa yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya, in wannan ya cika ya toshe da laka ya buɗe na gaba, alkama ta yi kore shar ga albasa ga tumatir, alhali rabon sama da zubar da ko ɗigo tun Oktoba. Duk wanda ya ci tuwon shinkafar Kura ya ci daga aikin bawan Allahn nan ko ya sani ko bai sani ba. Ga tawa.

'Yan birni ku fito da rani,
Ku hau titin Zariya ku gani,
Gona shar tana ba da amfani,
Alhali sama ba ta zub da ruwa.

Shekarar fari ta ƙone gero,
Shanu na faɗuwa gari na tsoro,
A Tiga kuwa katafila na turo
Ƙasa da dutse a datse ruwa.

Kwandon tumatir a Kwanar Gafan,
Tirela ta loda ta yi Kudu can,
Buhun shinkafa shi ma daga nan,
Duk albarkar wancan ruwa.

Abin tunawa ga shi a kwance,
In aka bar kanal ya lalace,
Ko me kuka gina ya zama zance,
A yashe hanya a sakar min ruwa.

Ɗan Haɗeja:
Toh ni ma ina da haƙƙin sa baki, don lokacin Audu Bako mu ma 'yan jihar Kano ne, sai 1991 aka cire Jigawa. Gwamnanmu ne kuma muna yi masa addu'a. Amma abokina manomi kai kana saman kogi mu muna ƙasa. A da kogin Haɗeja da damina yake cika ya malale fadama, da rani ya ja baya ya bar mana ƙasa mai danshi a shuka, masunta su yi su, makiyaya su samu ciyawa. Tunda aka datse Tiga, sannan aka ƙara da Challawa a 1992, sai ruwan ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara ba ya ƙafewa, ita kuwa ciyawar kachala abin da take so kenan, ta cinye hanyoyin ruwa har wajen Nguru, tsuntsayen jan baki suka samu wurin kwana suna sauka a gonakin shinkafa.

Manomi na taya ka murna,
Mu ma gwamnanmu ne ba shakka.
Ruwan da ya cika maka kwando,
Mu nan ƙasa ya bar mu da kuka.
Kachala ta rufe mashigi,
Mai kwalekwale ya rasa inda zai tuƙa.
Ban zo rage masa lada ba,
Aikin da ya yi ya wuce suka.
Amma in allo za a kafa,
A sa daɗi a sa ɗaci duka.

'Yar Bariki:
Salam yayyena, Baba Malam ina gaisuwa. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran wani ya taɓo kakin amma kowa gwamna gwamna, alhali mutumin nan a 1924 aka haife shi a barikin 'yan sanda, ya shiga aikin a 1942, wato sai da ya yi shekara 25 yana ɗamara kafin ya ga gidan gwamnati. Kuma ku tuna Sarkin da ya tarar a Kano, marigayi Ado Bayero, shi ma ya riƙe Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokar En'e, kafin ya hau karaga a 1963, kun ga a shekarun nan gidan gwamnati da gidan Dabo duk waɗanda suka san ɗamara ne a ciki. Ni a bariki na tashi, babanmu saje ne har ya ajiye aiki, na san mutane suna da ƙorafi da 'yan sanda kuma wasu ƙorafin gaskiya ne ba zan musa ba, amma akwai na kirki da yawa da ba wanda ya san sunansu, kuma in aka ce za a tuna da ɗan sanda na kirki to dan Allah a tuna da gidan da ya fito.

Yayyena kun tsaya kan gwamna,
Ni ɗan sandan ne a raina,
Irin zaman da ya yi babana,
Ɗaki guda da 'ya'ya a bariki.

Bigila ta busa tun da asuba,
Inna ta tashi ba ta huta ba,
Gawayi a dutsen guga ta zuba,
Ta sa sitaci ta miƙar da kaki.

Mu ko jarka muke ɗauka,
Layin famfo ya kai ga hanya duka,
Wata ran a dawo ana ta kuka,
Ba ko ɗigo na wanke ɗaki.

Shi ke tsaye a titi da dare,
Kuna barci gari na tsare,
Wani ya fita ba a dawo tare,
Matarsa ta ɗaure kaya a ɗaki.

A bariki aka yanke cibiyarsa,
Nan ya ga ɗamarar mahaifinsa,
In kuna son girmama sunansa,
Ku kai ruwa ga matan bariki.

Malam na Soron Ɗinki:
Allah ya yi miki albarka 'yata, kin haɗa mana zancen wuri guda. Rijiyar da na ce ga inda za a haƙa ta kin nuna.

'Yata kin faɗi magana,
Ba wanda zai ce ba ki kyauta ba.
Mai datse kogi a tuna shi da famfo,
Ban ga abin da ya fi wannan ba.

Ɗalibin Tarihi:
Ni na goyi bayan bohol a bariki ɗari bisa ɗari, kuma a haɗa da allon da zai ba yara labarinsa kamar yadda yaya Bakano yake so, a jikin tankin, a rubuta da boko da ajami. Sai dai ina tare da na Haɗeja, in za a yi rubutu a yi na gaskiya. A gwamnonin Gowon 'yan sanda uku ne, shi da Usman Faruk na Arewa maso Yamma da Joseph Gomwalk na Binuwai-Filato. Bayan juyin mulkin 1975 gwamnatin Murtala ta binciki kadarorin gwamnonin, biyu kaɗai aka wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma, namu ba ya cikin biyun. Wannan bai goge Tiga ba bai goge dam ɗin Bagauda ba, kuma mutanen Kano ba su fasa son sa ba har gobe, amma yaron da muke so ya san shi in ya girma ya karanta a wani wuri zai ce mun ɓoye masa.

Alƙalami amana ne,
In ya karkace ya ci amana.
Mutum ne shi ba mala'ika ba,
A faɗi duka shi ne ƙauna.

Malam na Soron Ɗinki:
A'a ɗana, a nan kam ban bi ka ba. An hore mu da ambaton alherin mamatanmu. Littafi na nan, aji na nan, ku karantar da komai a can ba wanda ya hana, amma jikin abin sadaka wurin roƙa wa mutum gafara ne.

Ɗalibi riƙe alƙalaminka,
Ban ce ka karya shi ba.
Aji daban bakin rijiya daban,
Ba a shari'a a wurin sadaka ba.
Mai ɗiban ruwa ya ce Allah jiƙan sa,
Bai zo sauraron ƙara ba.

Ɗan Haɗeja:
Baba Malam na yarda a bar maganar bincike ga masu littafi. Amma ta kachala ba laifin mamaci nake nema ba, aikin masu rai ne da ya rage, ita ko a waƙar ranar buɗewa sai na faɗe ta.

Na bar wa ɗalibi batun kundi,
Ni dai kogi nake wa kuka.
Ranar buɗe famfo in an taru,
Ku ba ni baiti biyu in rera muku duka.

Bakanon Fagge:
An ba ka, har uku ma. Toh ga inda na ga an dosa, bohol mai sola a ɗaya daga barikokin cikin gari, da allo a jikin tanki mai sunansa da shekarun nan, 1924, 1942, 1967 zuwa 1975, 1980, da jerin ayyukansa, a ƙasa a roƙa masa rahama shi da duk ɗan sandan da ya rasu a bakin aiki. Ɗalibi kai za ka tsara rubutun Malam ya duba ajamin, maganar bincike kuma ku ƙarasa ta tsakaninku kafin a kai wa mai zane. Ba za mu karɓi ko sisin kowa ba sai mun rubuta wa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai takarda sun ba da izini sun nuna wuri, sannan a nemo mai haƙa ya auna ƙasa ya faɗi kuɗi kowa ya gani a fili.

Malam ya ba mu rijiya,
'Yar bariki ta nuna hanya,
Allo ya ba yara tarbiyya,
Su san wa ya yi wa Kano.

Manomin Kadawa:
Ni ba ni da kuɗi a hannu yanzu sai an yi girbi, amma ku rubuta.

Buhu biyu na shinkafa,
In an yi girbi ni zan kawo fa,
A sayar a sa a kuɗin kafa
Tankin da zai ɗau ruwa.

'Yar Bariki:
Allah ya saka da alheri baba manomi. Yaya Bakano takardar in ka rubuta turo min in kai da kaina, na san ƙofar da ake bi. Abu ɗaya dai dan Allah ku gaya wa mai aikin tun yanzu, ya sa kan famfo da yawa kar ya sa ɗaya, biyu daga ciki ya yi su ƙasa-ƙasa don yara ne ke ɗiban ruwa a bariki, kuma a ware kuɗin gyaran sola tun farko a damƙa wa matan wurin su riƙe makulli.

Kan famfo shida nake roƙo,
Biyu ƙasa don masu ƙaramin koko,
A ware na gyara tun farko,
Makulli a hannun matan bariki.