Firmware: "kafaffiyar manhaja" ko "manhajar tushe"?

Jama'a, ku taya ni: me za mu kira firmware da Hausa? Ina nufin 'yar manhajar nan da ke zaune a wani ɗan cif a kan allon cikin kwamfuta (motherboard), wadda ke farkawa da zarar ka danna maɓalli, ta duba kayan ciki, sannan ta miƙa ragama ga Windows ko Linux. A da BIOS ce, yanzu UEFI.

Wani ɗan'uwa ya kawo "kafaffiyar manhaja". Akwai daɗin faɗi, amma ban yarda ba. Kafaffe ba ya motsi, ita kuwa ana sake rubuta ta, nan ne ma haɗarin yake. Masu gyara sun san haka, shi ya sa za ka ji suna cewa "sai an yi mata filashin". To abin da mai gyara zai rubuta, ɓarawo ma zai iya. A 2018 kamfanin tsaro na ESET ya bankaɗo LoJax, wata muguwar manhaja wadda ke shigewa cikin cif ɗin ta kwanta. Ka yi fomatin, ka cire ma'ajiyar bayanan gaba ɗaya ka sa sabuwa, tana nan daram. Wanda aka ce masa "kafaffiya" zai ɗauka babu mai iya taɓa ta.

"Manhajar tayarwa" ta dace da UEFI, sai dai firinta da kyamara ma suna da tasu, kuma aikinta a can ya wuce tayarwa.

Ni dai "manhajar tushe" na zaɓa. Ita ke tashi kafin manhajar kariya, don haka duk abin da ya shiga nan ya riga mai gadi zuwa ƙofa. Ku duba LogoFAIL da kamfanin tsaro na Binarly ya bayyana a ƙarshen 2023: tambarin kamfanin da ke fitowa a fuskar kwamfuta idan ka kunna, shi ake sauyawa da gurɓataccen hoto, manhajar ta karanta shi ta faɗa tarko. Ko BlackLotus, wata muguwar manhaja da aka riƙa tallarta a kan dala 5,000, ta tsallake Secure Boot (tsarin da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi idan an kunna kwamfuta) a Windows 11 mai cikakken sabuntawa.

Na gwada ta a jimla: "Sabunta manhajar tushen kwamfutarka daga shafin kamfanin da ya ƙera ta kawai." Ta zauna, ba sai an yi dogon bayani ba.

Saura bootkit, wato muguwar manhajar da ke kama kwamfuta tun tana tashi, irin su BlackLotus. "Cutar tushe" nake tunani. Malamai, masu gyara, me kuka gani?