Shin raguwar mace-mace a fagen daga ta sa yaƙi ya yi sauƙi?

Malamin tarihi: Ana ta yaɗa cewa yaƙin zamani ba ya cin mutane kamar na dā, tunda likitanci ya ci gaba. Ina ganin akwai ƙamshin gaskiya. A Biyetnam, Amurka ta rasa sojoji kimanin 58,000. A Iraƙi, daga 2003, kimanin 4,500. A 2009 sakataren tsaron Amurka, Robert Gates, ya ba da umarnin a riƙa kai wanda ya ji rauni a Afganistan asibiti cikin sa'a ɗaya.

Likitan tiyata: Malam, lissafinka a maƙabarta ya tsaya. A Iraƙi kaɗai, sojojin Amurka kimanin 32,000 ne suka ji rauni. Sulke yana kare ƙirji, amma nakiyar da aka binne a hanya daga ƙasa take tashi, ta ci ƙafafu da al'aura. Tana cusa ƙasa da tsakuwa da tsumman wando cikin nama, shi ya sa ba a ɗinke raunin a ranar. Duk bayan kwana ɗaya ko biyu sai a koma ɗakin tiyata a yanke mataccen nama, sau da yawa yankan yana ta hawa sama. Fiye da 1,500 aka yanke wa ƙafa ko hannu a yaƙin Iraƙi da na Afganistan.

Malamin tarihi: Amma Dakta, ai mai rai yana tare da rabo.

Mai ƙera ƙafar roba: Babu mai musun haka, Malam, sai dai aikin ba ya ƙarewa ranar sallama. A shekarar farko dungulmin yana ta motsewa, kofin da ake zura shi ya yi masa yawa, a ƙara safa, a sake awo. Kofi bai zauna ba, fata ta saɓule, gyambo ya buɗe, mutum ya koma keken guragu. Ƙafar kanta akan sauya ta duk shekara uku zuwa biyar, har tsufa. Ga kuma abin da raunin nakiya ke yawan jawowa: ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, ya riƙa sukar fata daga ciki, sai an sake tiyata.

Ma'aikaciyar jinya: Ku haɗa da wanda ido ba ya gani. Girgizar fashewa tana taɓa ƙwaƙwalwa: mantuwa, saurin fushi, ƙarar kunne, rashin barci. Wani ƙafar da aka yanke ce ke masa zogi da dare. A 2007 jaridar Washington Post ta fallasa yadda aka bar masu jinya a ginin da ya yi fumfuna a asibitin sojoji na Walter Reed da ke Amurka. Matansu da iyayensu mata ne ke barin aiki su zauna da su.

Likitan tiyata: Ita ma sa'a ɗayar nan, Malam, ta yiwu ne don babu mai harbo jiragen ɗaukar majinyata sosai. A Yukiren jirage marasa matuƙi suna hana kwashe masu rauni na tsawon sa'o'i. Ɗaurin tsayar da jini ana yin sa santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, a rubuta lokaci. Ƙasa da sa'a biyu, galibi ƙafa na tsira. Ya wuce shida, tsoka ta mutu, kuma kwance shi a wajen asibiti na iya lalata ƙoda ko tsayar da zuciya.

Ma'aikaciyar jinya: Kuma duk alƙaluman nan na sojan Amurka ne, da ake ɗauka a jirgi zuwa asibitin Landstuhl a Jamus. Ɗan Iraƙin da nakiyar ta tashi da shi fa, wa ya kai shi can?