Me ya sa baƙin manoma na farko a yammacin Amurka suka yi gini da ƙasa mai ciyawa?

Aminu, Unguwar Rogo: Assalamu alaikum. Ina karatun zanen gine-gine a Jami'ar Jos, kuma an ba mu aiki a kan gidajen gona na baƙin da suka kafa zama a yammacin Amurka a ƙarni na 19. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gabashin ƙasar da gungumen itace suka yi gini, amma a jihohin Nebraska da Kansas gidajen na ƙasa ne, har ciyawa na tsirowa a kan rufi. Shin talauci ne ya jawo haka, kuma yaya ginin yake in an gwada shi da namu na tubali?

Malam Shehu, Bukuru: Wa alaikumus salam, Aminu. Talauci yana ciki, amma babban dalilin shi ne rashin itace. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar da ta mallaka wa mutum eka 160 muddin ya gina wurin zama, ya noma filin, ya kuma zauna a kansa shekara 5. Yankin kuwa fili ne fetal, ba bishiya sai a bakin rafi, kuma kafin jirgin ƙasa ya iso, katako ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka sukan sa garma su yanko saman ƙasa tare da saiwoyin da suka sarƙe ta, mai kaurin kamar inci 4, su datsa gunduwa-gunduwa, su jera a kife layi biyu ko uku, har kaurin bango ya kai ƙafa 2 ko fiye. A saman taga sukan bar rata su cusa tsumma, domin bangon yana lotsawa a hankali, in ba haka ba ya fasa gilashin. Rufin ne matsalarsu: yakan ci gaba da yoyo bayan ruwa ya ɗauke, har matan gida sukan ɗaura ƙyalle a ƙarƙashinsa don tare ƙasa da ƙwari. Ka binciki gidan Dowse da aka gina a 1900 kusa da Comstock a Nebraska, wanda yanzu gidan tarihi ne. Kada kuma rubutunka ya tsallake cewa filayen na 'yan asalin ƙasar ne da aka kora.

Baba Magini, Gangare: Ɗana, bisa bayanin Malam Shehu, bambancin a fili yake. Tubalinmu kwaɓa shi ake yi da ciyawa, a mulmula, a shanya ya bushe kafin a ɗora da laka, su kuwa ɗanye suke jerawa, saiwa ce ke riƙe shi. A wajen rufi ina ganin mun fi su nisa, domin muna jera azara ta giginya wadda gara ba ta ci da sauƙi, mu shimfiɗa zana, mu zuba ƙasa, mu shafe da makuba, sannan indararo ya jefa ruwa nesa da bango. Ka je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke nan Jos ka tsaya a ƙarƙashin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, na kwaikwayon masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa. Sai dai ruwan Jos ya fi na Zariya yawa, shi ya sa mutanen Filato suka riƙe jinka.

Malama Hadiza, Dilimi: Game da gungumen itacen da ka ambata, Malam Aminu, mutanen Suwidin da Finlan da suka sauka a bakin kogin Delaware da ke gabashin Amurka a 1638 ne ake danganta wa kai fasahar. Ana sassaƙa bakin kowane gungume ya hau ɗan'uwansa a kusurwa ba tare da ƙusa ba, a toshe tsakani da laka.