Layin 0802: sau nawa ke nan kamfanin nan yana sauya suna?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure tsakanina da ƙanena. Layin Baba 0802 ne, har gobe Econet yake ce masa, Inna kuma Celtel. Ƙanena ya dage wai kamfanoni ne daban-daban, wannan ya durƙushe wancan ya taso. Ni na ce guda ne, riga kawai yake canzawa. A raba mu.

Malam Na-Allah:
Wa alaikumus salam. Ka fi shi kusa da gaskiya, Abban Khadija. Lasisin guda ne, masu shi ne suka yi ta sauyawa. An fara da Econet a 2001, bayan gwanjon lasisin GSM inda kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. Sunan na kamfanin Strive Masiyiwa ne, ɗan Zimbabuwe. Da suka saɓa da masu hannun jari 'yan Najeriya, a 2004 aka ɗan taɓa Vodacom na ɗan lokaci, sannan aka koma Vmobile. A 2006 Celtel ya sayi kaso mafi tsoka. Shi kansa Celtel ɗin, wanda Mo Ibrahim ya kafa, ya riga ya faɗa hannun wani kamfanin Kuwait tun 2005, wanda daga baya ya sauya suna zuwa Zain, shi ya sa a 2008 aka wayi gari sai Zain. Bharti Airtel na Indiya ya kwashi harkar Zain ta Afirka a 2010 kan dala biliyan 10.7. Tun daga nan aka zauna lafiya da suna ɗaya, wato Airtel.

Maman Sadiq:
Malam, ka tuna min da zamanin da nake sayar da kati. Mu a jikin lema muke gane an yi ciniki. Yau ja da rawaya ta Celtel, gobe a kawo mai baƙi-baƙi ta Zain, kafin ta koɗe an dawo da ja. Mai saye ya zo ya ce “ba ni Celtel na ɗari”, ka miƙa masa Zain, ya tsaya yana jujjuya katin kamar ka cuce shi. Sai ya kankare ya loda ya ga kuɗi sun shiga hankalinsa ke kwanciya.

Ɗan Baiwa:
Ai ba su kaɗai ba, Hajiya. Etisalat ma ta zama 9mobile a 2017, amma wa ka ji yana cewa haka a kasuwa? Ni dai ban ga amfanin Zain ɗin nan ba. Celtel ya kama bakin mutane sosai, aka ture shi don sunan da bai wuce shekara 2 da 'yan watanni ba.