Kamun ƙafa da kuɗin waje a Washington: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinta daga doguwar muhawararmu kan yadda ƙasashen waje ke kashe kuɗi don shawo kan 'yan siyasar Amurka:

1. Kowa ya yarda kamun ƙafa ba laifi ba ne a Amurka. Dokar FARA ta 1938 dai ta ce mai yi wa gwamnatin waje aiki ya yi rajista a Ma'aikatar Shari'a. Shawarar da aka fi maimaitawa: kafin ka zargi wani, duba takardun rajistar, a buɗe suke a intanet.

2. A raba kamun ƙafa da cin hanci. Tsohon Sanata Bob Menendez, da aka samu sandunan zinare a gidansa, a 2024 kotu ta kama shi da laifin cin hanci da yi wa Masar aiki.

3. Kan AIPAC, ƙungiyar Amurkawa masu kamun ƙafa don goyon bayan Isra'ila, aka rabu. Wasu sun ce ya kamata ta yi rajista tunda muradun Isra'ila take karewa. Wasu suka ce kuɗin Amurkawa ne, dokar ba ta hau kanta ba. Nan kam har da zafin rai.

4. Kaɗan sun tuna cewa Saudiyya ta zuba kuɗi a 2016 don daƙile dokar JASTA, wadda ta ba iyalan waɗanda harin 11 ga Satumba ya shafa damar kai Saudiyya ƙara. Shugaba Obama ya hau kujerar na-ƙi, amma majalisa ta tsallake shi ta tabbatar da dokar.