Likkafa mai launi ko ta tagullar Baba? Ina neman shawara kafin Sallah

Mai Akawal, Zariya:

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa mahaya. Allah ya bar zumunci.

Shekara tara ke nan ina hawa da kayan da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa. Sirdin na sake masa zubka sau biyu, majayi kuwa ya sha canji, amma likkafar tana nan yadda ya bar ta: ta tagulla ce, mai faɗin tafi, da zanen maƙeri a gefe wanda har ya fara shafewa saboda guga. Ina sonta. Idan na ɗauko ta daga cikin adaka, ƙamshin ɗakin Baba nake ji. Sai dai tana da nauyi ƙwarai, kuma ranar Hawan Bariki, daga cikin birni a fito ta Ƙofar Doka a bi Tudun Wada a je a dawo, kafin in sauka idon sawuna ya yi tsami, gwiwa ta riƙe. Washegari da ƙyar nake durƙusawa a salla.

To bana tawagarmu ta fitar da anko, kore da ruwan zinare. Jalala, ɗan gaba, rawuna, duk an daidaita. Sai samarin cikinmu suka kawo hoton wata likkafa ta alminiyom, koriya shar, irin wadda ake gani a Instagram a ƙafar masu tsallake shinge da doki a Turai. Suka ce mu yi kuɗi-kuɗi a yo mana oda, kowa ya sa iri ɗaya. Gaskiya ta yi kyau, kuma an ce ba ta da nauyi ko kaɗan.

Abin da ya sa na tsaya shi ne abin da ya sami ƙanina bara. Ya sayo wata ja a kasuwa, ƴar ƙarama, don ta dace da kayansa. Ya hau da kambas. Muna tsaye ana jiran a tashi, 'yan bindiga suka saki harbi a bayanmu, dokinsa ya zabura ya yi gefe, yaro ya zame. Ƙafar hagu ta ƙi fita. Ina gani dokin ya ja shi taku biyar ko shida a kan kwalta, kansa na bugun ƙasa, kafin ɗan bargarmu ya yi tsalle ya cafke linzami. Sai da muka kwance igiyar takalmin muka zare ƙafar, kambas ɗin ya tsaya cak a cikin likkafa, jan fenti ya shafe gefensa duka biyu. Allah ya taƙaita, kafaɗa ce ta goce kawai. Mahaifiyarmu har yau ba ta son jin zancen hawa.

Don haka nake tambaya, wanda ya taɓa hawa da irin waɗannan masu launin ya gaya min gaskiya. Suna ɗaukar babban mutum? Launin yana zama ko rana na cinye shi? Suna shiga sirdinmu na gargajiya? Ko kuwa in haƙura da ta Baba, in bar yara su yi yayinsu?

Tsohon Mahayi, Katsina:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ƙara wa ƙaninka lafiya.

Kada ka raina nauyin likkafar nan, da gangan magabata suka yi ta haka. Likkafa mai nauyi tana rataye a inda ka bar ta. In ana jahi ƙafarka ta kuɓuce, kana lalubawa za ka same ta a wurinta, ba ta tashi sama tana lilo. Faɗin tafin kuma shi ke ɗaukar ƙafa gaba ɗaya, mutum ya miƙe tsaye a kanta ya jinjina kamar yana kan dandamali. Gefenta ma aikin kaimi yake yi, shi ya sa mai hawa da ita ba ya dukan doki da dunduniya barkatai, in ba haka ba ya ji masa ciwo a haƙarƙari.

Ciwon gwiwar da kake ji, ina zargin ba tagulla ce ta jawo shi ba. Tsawonku ɗaya da mahaifinka? In ya fi ka gajarta kuma ba ka taɓa sake tsawon igiyar ba, shekara tara kana hawa a naɗe. Sassauta ta kaɗan, ka fita kilisa sau biyu, ka ji.

Kuma ka ce ankonku kore da ruwan zinare. To wane ruwan zinare ya kai tagullar da aka goge? Ka sami lemon tsami da toka mai laushi, ka murza da tsumma, ka wanke ka shanya, ka ga yadda za ta ɗauki ido. Mutanen Bida da suka shahara da aikin tagulla, kayansu jika na gadonsa yana ƙyalli. Fenti kuwa Sallah ɗaya ce.

Ɗan Folo, Kaduna:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganar tsawon igiya gaskiya ce. Amma a yi min izini in ƙara wani abu, don masu launin nan ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Na yi shekaru ina kula da dawakin folo, irin waɗannan ƙarafa sun bi ta hannuna da yawa.

Ɗan uwa, abin da ya kama ƙafar ƙaninka ba launi ba ne, ƙanƙanta ce da kuma kambas. Ka ɗauko takalmin da za ka hau da shi ranar, ka auna wurin da ya fi faɗi, wajen tushen yatsu, ka ƙara inci ɗaya a kai. Wannan shi ne faɗin cikin likkafarka. Wato idan ka zura ƙafa, a sami rabin inci ta kowane gefe, kamar kaurin ɗan yatsa. Yawancin na manya da ake kawowa inci 4½ ne ko 4¾, to mai ƙatuwar ƙafa ko mai faffaɗan takalmi sai ya nemi inci 5. Wadda ta yi yawa ita ma haɗari ce, ƙafa na iya zurmawa ta wuce har idon sawu. Shi ya sa takalmin hawa yake da 'yar dunduniya da ke tokarewa, tafinsa kuma sumul. Kambas ba shi da dunduniya, ga roba mai ƙaya-ƙaya da ke cije ƙarfe. Saboda haka zancen a yo oda iri ɗaya, girma ɗaya ga kowa da kowa, ban goyi baya ba sam. Kowa da ƙafarsa.

Batun launi, iri biyu ne. Akwai wadda aka fesa wa fenti, wadda za ka sa farce ko mukulli ta ƙasa ka ga ya ɓamɓaro. Akwai kuma wadda aka rina alminiyom ɗin da kansa, ana tsoma shi a ruwan sinadari a sa masa lantarki, fatar ƙarfen ta sha launin. Wannan ba ta ɓarewa, sai dai ta karce in ta gogi bango ko likkafar na kusa da kai, kuma rana tana dusashe ta sannu a hankali. Kamfanoni irin Tech Stirrups na Italiya da Flex-on da Freejump na Faransa suna yin masu launi masu inganci, amma tsadarsu ba wasa ba, kuma jabunsu sun cika intanet da hoto iri ɗaya. In ka ga farashin ya yi daɗi da yawa, ka ja da baya.

Wadda na fi tsoro ita ce ta alminiyom ɗin zubi, irin yadda ake narka tarkace a zuba tukunya. Cikinta akwai ƙofofin iska da ido ba ya gani. Ba ta lanƙwasawa ta ba ka gargaɗi, karyewa take yi ɗas, kuma lokacin da ka miƙe a kanta da dukkan nauyinka ne take yi. Ka duba wuyanta inda igiya ke shiga, ka duba mahaɗar tafi, in ka ga ƙuraje-ƙuraje ko layin tsaga, ajiye musu abinsu. Mu a filin folo farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa muka fi amfani da shi, mai faɗin tafi, don ana tsayawa a kai a kai duka.

Ga ƙaninka kuma, in zai koma hawa, akwai wadda gefenta na waje a buɗe yake, roba ce ke rufe shi, da an faɗi robar ta fice ƙafa ta fita. Ta yara ce da marasa nauyi, babban mutum na iya buɗe ta tun da gefe ɗaya ke ɗauke da shi. Kuma ƙugiyarta tana kama riga, mai babbar riga ya kiyaye.

Baduku a Kurmi, Kano:

Maigida, ku masu hawa kullum ƙarfen kuke kallo, mu kuwa fatar muke kallo. Ramin likkafar Turawa an yi shi ne daidai siririyar fatarsu, mai faɗin kamar inci ɗaya. Igiyar sirdinmu sau da yawa ta fi haka kauri, sai ka ga yaro ya sa wuƙa ya fere ta don ta shiga. Nan take tsinkewa. Sannan sirdin Turawa yana da wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin fiffikensa wanda fatar ke iya zamewa ta baya idan doki na jan mutum. Namu ɗaurewa ake yi tamau, ba abin da zai saki. Don haka a namu sirdin, faɗin likkafa da takalmi su ne kaɗai kariyarka.

Tun da UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024, samari sun ƙara son kaya masu fitowa a hoto, ni ma ina jin daɗin hakan don kasuwa ce. In kore kuke so a ƙafa, ku kawo igiyoyin a naɗe su da koriyar fata a yi musu tuntu. Likkafar da kanta, rabi babbar riga ke rufe ta.

Mai Akawal, Zariya:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai.

Baba, kun yi gaskiya. Mahaifinmu a kafaɗata yake tsayawa, kuma ban taɓa taɓa ƙullin da ya yi ba, ina ganin kamar in na kwance shi na kwance wani abu nasa. Jiya bayan la'asar na zauna na kwance, fatar har ta yi baƙi ta ɗauki siffar ƙullin. Na ƙara tsawon kamar faɗin yatsu uku, na fita kilisa har bayan ganuwa na dawo. Gwiwar ba ta yi min komai ba. Zan sake gwadawa da doguwar tafiya ranar Asabar.

Na kuma tara samarin da daddare, kowa na ce ya zo da takalmin hawansa, muka auna da tef ɗin tela. Cikin mu goma sha ɗaya, huɗu ba za su shiga girman da aka so a yo oda ba, biyu kuma da kambas suka zo. An ɗan yi musu, wani ya ce ina hana su zamani. Na ɗauko masa jar likkafar ƙanina, na sa ya zura ƙafarsa ya gwada zarewa da sauri. Bai ƙara magana ba.

Mun tsaya a kan cewa mai son koriya ya saya, amma daidai ƙafarsa, kuma sai mun karce ƙasanta mun duba wuyanta kafin a ɗaura. Ni dai ta Baba zan hau. Na goge ɗaya da lemon tsami da toka, na ajiye ta kusa da 'yar uwarta da ban taɓa ba tukuna, zanen da na ɗauka ya shafe ashe datti ne ya cike shi. Malam baduku, igiyoyi guda ashirin da biyu ne, kwana nawa naɗin zai ɗauka in na aiko su ranar Litinin?